Gishirin titi ya cinye mana kuɗin sadaka

Ni tela ce a Toronto, kuma ɗinki ne ya kai ni cikin kwamitin, ba rawa ba. Wata ƙaramar ƙungiya a unguwarmu mai tara wa mabuƙata abinci ta ce za ta farfaɗo da irin liyafar da manyan gari ke yi a da lokacin Kirsimeti, kowa ya zo da shigar mutanen zamanin Sarauniya Biktoriya, a sayar da tikiti, ribar ta tafi rumbun abinci. Ba Kirsimeti nake yi ba, amma yunwa ba ta tambayar addini, sai na ce su sa sunana.

Abin da muke kwaikwayo ya faru da gaske. Ranar 28 ga Disamba 1897 uwargidan Gwamna Janar na Kanada, Lady Aberdeen, ta tara manyan Toronto a babban zauren sojoji da ke University Avenue, wanda aka rushe a 1963. A shekarar Sarauniya ta cika shekara 60 a kan karaga, kuma a shekarar ce uwargidan ta kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Victorian Order of Nurses. Hotunan irin waɗannan liyafofi shugabar kwamitinmu ta baza a kan teburi, kowa ya yi ta santi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya biya kuɗin rigunan nan. Amsar kuwa a fili take: kowace mace ita ta biya telanta, daga aljihun gidansu.

Mu sai muka yi akasin haka. Don kada mutane su ji tsoron zuwa, aka rubuta a jikin tikiti cewa kuɗin ya haɗa da hayar kaya. Muka ɗauko riguna daga wani shagon da ke ba 'yan wasan kwaikwayo haya, muka ajiye kuɗin jingina mai nauyi da sunan ƙungiya. Nawa aikin shi ne gyara: rage ƙugu, sakin kafaɗa, cusa tsumma mai tauri cikin hannuwan nan masu kumburi na shekarun 1890 don su tsaya. Duk ɗinkin wucin gadi na yi, wanda za a warware ba tare da ya bar tabo ba. Na yi alfahari da wannan, har yau ma ina yi.

Abin da ba mu da shi ɗakin canza kaya ne. Zauren da muka kama yana da wani ɗaki a gefe, aka ce sai an ƙara kuɗi, kwamiti ya ce a bar shi, kowa ya shirya daga gida. Daren kuwa ƙanƙara ta sauka, ta fara narkewa, motocin hukuma suka bi tituna suna watsa gishiri don kada titi ya daskare ya yi santsi, kamar yadda suka saba. Daga wurin ajiye motoci zuwa ƙofar zauren tafiya ce 'yar kaɗan, amma rigar da ke jan ƙasa ba ta san kaɗan ba. Matan 1897 a keken doki ake kawo su har bakin ƙofa, ga masu yi musu hidima. Namu matan da ƙafa suka ratsa caɓi.

A daren ba a ga komai ba, ƙasan rigunan dai ya jiƙe. Aka yi rawa, aka ci, aka sha, aka yi ta hotuna. Sai da suka bushe a shagona na ga farin layi ya zagaye bakin kowace riga, ya hau sama kusan taƙi guda, yana lanƙwasa, ya yi ɓawo. A kan siliki mai ruwan goro ya ma cinye launin. Na gwada ruwa da ɗan binega a kan masu auduga, wasu suka fita. Siliki da karan-miski kuwa ban taɓa su ba, don na san abin da zai biyo baya. Mai shagon hayar ya ɗaga riga ɗaya zuwa haske, bai ce uffan ba, ya ɗauko takardar yarjejeniya. Jinginar ta tafi, aka ƙara mana da kuɗin wankin ƙwararru. Da aka cire na zaure da na makaɗa da na abinci, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuɗin ɗakin da muka ƙi biya bai kai na wankin riguna uku ba. Wannan lissafin shi ke hana ni barci.

Maigidana ya ce, "Maman Ummi, da kowa ya miƙa kuɗin tikitin ya zauna gida, da rumbun ya fi cika." Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Tsohon zargi ne ma: a Fabrairun 1897 iyalin Bradley-Martin suka yi tasu liyafar shiga a otal ɗin Waldorf na New York ana tsakiyar matsin tattalin arziki, suka ce don teloli su samu aiki ne, jaridu da limaman coci suka yi musu ca, daga baya suka koma Ingila da zama.

Abin da ya fitar da mu kunya hotuna ne. Bayan liyafar 1897 an buga littafin zane-zanen mahalarta aka sayar, mu ma muka ɗauki dabarar. Mutumin da ya yi ta ƙorafin tsadar tikiti, da ya ga kansa da doguwar hula da sanda, bai ko taya ba ya sayi kwafi har da na surukai. Daga nan ne kusan duk abin da muka kai rumbun ya fito.

In za ku yi, kowa ya nemo kayansa da kansa, ko ya sa hannu a jinginar da sunansa. A kama ɗakin canza kaya tun kafin a yi maganar makaɗa, mutane su zo da rigunan a jaka, da takalmin ƙanƙara a ƙafa. Bana na gaya wa shugabar ba zan zare allura ba sai na ga rasiɗin ɗakin nan da idona. Ta ce za a tattauna a zama na gaba.