Neman ƙawar da za mu yi tarbiyya tare

Laraba, da dare

Yau ce rana ta farko, tun da muka ƙaura zuwa wannan unguwa, da na dawo gida ina jin cewa wataƙila na haɗu da wadda za mu iya zama ƙawaye. Kayan gida sun daɗe da samun mazauni, yara sun saba da makarantarsu, maigida ma ya fara sanin abokan aikinsa, ni kaɗai ce na rage ba ni da wadda zan kira idan ƙaramar ta kwana da zazzaɓi, ko idan babban ya dawo da wata ɗabi'a da ban san inda ya kwaso ta ba. A inda muka baro ina da mata irin waɗannan, waɗanda muka yi goyo lokaci ɗaya, muka yi jinyar 'ya'ya tare, har kowace ta san halin ɗan kowace. Har yanzu muna waya, kuma shawararsu tana yi mini amfani, sai dai wadda take nesa ba za ta iya ɗauko mini yaro daga makaranta ba ranar da wani uzuri ya riƙe ni, ba za ta kuma ga fuskata ta gane cewa na gaji ba tun kafin in faɗa.

Da safe na kai yara makaranta kamar kullum. A bakin ƙofa akwai fuskokin da na riga na sani, muna gaisawa, muna tambayar juna lafiyar yara, daga nan kowa ya kama gabansa. Yau sai wata daga cikinsu, wadda 'yarta ke aji ɗaya da ɗana, ta ce mu taka tare tun da hanyarmu ɗaya ce, na kuwa yi murna ƙwarai. Ba mu yi nisa ba ta fara zayyana mini tsarin gidanta: ba ta ba yara waya, suna kwanciya da wuri, ana yi musu karatu kafin barci, ba sa fita wasa sai sun gama aikin makaranta. Duk abin da ta faɗa shi ne nake yi ko nake ƙoƙarin yi, har na fara cewa a raina ga wadda nake nema. Amma da ta gama da gidanta sai ta shiga gidajen mutane. Ta ambaci wata uwa da ta ce ta sangarta ɗanta, ta ambaci wata da ta ce aiki ya fi mata 'ya'ya muhimmanci, sannan ta kawo maganar wani yaro a ajin da har yanzu maganarsa ba ta fita sosai, ta ɗora laifin kacokan a kan mahaifiyarsa. Duk wannan tana faɗa ne ƙaramin ɗanta da bai isa shiga makaranta ba yana riƙe da hannunta yana saurare. Jinkirin magana yana da dalilai da yawa, daga matsalar ji zuwa yanayin da aka haifi yaro da shi, kuma uwar da ke fama da wannan tana bukatar a tausaya mata. Na faɗa mata haka cikin lalama, ta ce ai ita gaskiya take faɗa. Muka rabu lafiya a kwana, amma na ƙarasa gida jikina a sanyaye, domin na san duk ranar da ɗana ya yi kuskure a gabanta, labarinsa ne zai raka wata uwa zuwa gida.

Wannan ya sa na daɗe ina tunani a kan abin da nake nufi idan na ce ina neman iyayen da ra'ayinmu ya zo ɗaya. Dokokin gida suna da muhimmanci, ba na raina su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma abin da yaro ya gani a gidan abokinsa zai zo ya nema a gidansu. Sai dai dokoki abu ne da kowa zai iya lissafawa a cikin hira ta minti goma. Abin da ya fi wuyar gani, wanda kuma shi ne zai sa in iya sakin jiki da mutum, shi ne yadda yake yi idan yaro ya ba shi kunya, da yadda yake maganar 'ya'yan wasu idan iyayensu ba sa nan.

Da rana na leƙa zauren WhatsApp na iyayen ajin. Yana da amfani wajen sanin ranar jarrabawa da littafin da aka ce a saya, amma ban taɓa ganin hira a cikinsa ta wuce haka ba, kuma ba na tsammanin za ta wuce. A nan dai na ga wata ta ambaci cewa tana kai yaranta filin wasan da ke bayan layinmu idan rana ta yi sanyi, sai na ƙudurta cewa yau za mu je.

Mun isa mun tarar da yara da dama, iyaye kuma kowa na zaune a gefensa. Na zauna kusa da wata dattijuwa da ta kawo jikokinta, muka gaisa, ta tambaye ni ko baƙuwa ce ni, na ce mata eh. Muna cikin haka sai na ji kukan 'yata. Wani yaro da ya ɗan girme ta ne ya fizge igiyar lilo daga hannunta, ta faɗi ta ƙuje gwiwa. Kafin in ƙarasa wurin mahaifiyar yaron ta riga ni. Ta fara ɗaga 'yata ta kakkaɓe ta, ta duba ciwon, sannan ta durƙusa daidai tsayin ɗanta ta tambaye shi abin da ya faru. Ya fara kame-kame, ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa ta gani da idonta, kuma ko da shi ne ya riga zuwa, ba a karɓar abu da ƙarfi daga hannun ƙarami. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma nemi ta wanke shi ba. Ta sa ya ba 'yata haƙuri, ta ce ya zauna kusa da ita har sai ta ba shi izinin komawa wasa. Daga nan ta juyo gare ni.

“'Yar'uwa, don Allah ki yi haƙuri. Kwanan nan yana da saurin hannu, muna ta fama da shi a gida.”

Na ce mata ba komai, sha'anin yara ne, nawa ma ba a rasa su da nasu halin. Kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce “muna ta fama da shi”, domin ba kowace uwa ce za ta faɗa wa wadda ba ta sani ba cewa akwai abin da take fama da shi game da ɗanta ba. Ta ciro auduga da filasta daga jakarta ta miƙo mini, muka gyara gwiwar tare, sannan muka zauna.

Hirar da muka yi ta nuna mini cewa tsarin gidajenmu ya bambanta a wurare da dama. Yaranta suna kallon talabijin fiye da yadda nake barin nawa, kuma ba sa kwanciya da wuri, domin mahaifinsu ba ya dawowa daga aiki sai dare ya yi, ita kuma ba ta son su shafe mako ba su zauna da shi ba. Da na faɗa mata yadda nake yi, ba ta kare kanta ba, ba ta kuma nuna cewa na cika tsanani ba, sai ma ta tambaye ni yadda na shawo kan babban ya saba da barcin wuri. Ni ma na tambaye ta yadda take iya danne fushi a gaban mutane, ta yi dariya ta ce ba kullum take iyawa ba. A duk tsawon zaman ba ta ambaci ɗan kowa da sharri ba, ko da wani yaro ya zo ya watsa mana ƙasa a ƙafa, abin da ta ce kawai shi ne da alama barci yake ji.

Dattijuwar nan tana jin mu. Da muka tashi tafiya ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, idan kina son ki san mutane, ki riƙa fitowa a lokaci ɗaya kullum, ki zauna a wuri ɗaya. Zumunci a ƙafa yake.” Na ce, “To, Mama, na gode, in sha Allahu zan riƙa fitowa.”

Maganarta ta tuna mini da wani tsohon bincike da na taɓa karantawa, wanda Leon Festinger da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1950. Sun yi nazarin gidajen da jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke Amurka ta tanadar wa ɗalibai ma'aurata bayan yaƙin duniya na biyu, inda ake ba kowane iyali ɗakin da ya samu ba tare da ya zaɓi maƙwabcinsa ba. Sun gano cewa kashi 41 cikin ɗari na waɗanda ƙofofinsu ke jere da juna sun zama aminai, waɗanda ƙofa ɗaya ta raba su kashi 22, waɗanda kuma ke ƙarshen baranda daban-daban kashi 10 kacal. Mazauna ɗakunan ƙasa da ke kusa da matakala sun fi sauran na ƙasa samun abokai a saman bene, don kawai ana yawan wucewa ta ƙofarsu. Ke nan yawan haɗuwa ba tare da shiri ba shi ne ke fara buɗe ƙofa, sannan hali ya zo ya tantance wanda zai zauna. Wannan matar ta filin wasa, ashe gidanta bai fi gida huɗu daga namu ba, kuma ban taɓa ganinta ba saboda lokutan fitarmu sun saɓa.

Akwai kuma batun lokaci, wanda shi ne ya fi wahala ga mai yara ƙanana. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya fitar da wani bincike a 2018, kuma wani ɓangare na mutanen da ya yi nazari a kansu manya ne da ba su daɗe da ƙaura zuwa sabon wuri ba, kamar ni. Ya ƙiyasta cewa ana bukatar kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kimanin awa 90 kafin ta zama abota sosai, sannan fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Idan na auna wannan da gaisuwar minti biyu a ƙofar makaranta, sai in ga dalilin da ya sa har yanzu ban wuce sanin fuska ba. Ƙawayena na can ma ba rana ɗaya muka shaƙu ba, shekaru ne suka tara mana waɗannan awannin muna zaman jiran likita da jiran tashin makaranta ba tare da mun lissafa ba. Wannan lissafi ya rage mini gaggawa, ya kuma hana ni ɗora wa zaman yamma ɗaya nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

A hanyar dawowa na fara zargin kaina cewa na cika ta da surutu, ko kuma na matsa da na nemi lambar wayarta. Masana halayyar ɗan Adam sun lura da wannan ma, domin wani bincike da Erica Boothby da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane sukan ɗauka ba su burge shi ba kamar yadda suka burge shi a zahiri. Sanin haka bai kawar mini da damuwar gaba ɗaya ba, amma ya ba ni ƙarfin halin tura mata saƙon godiya bayan na yi wa yara wanka. Ta amsa nan take, ta tambayi gwiwar 'yata, ta ce ɗanta ya ce a gaishe ta.

Da maigida ya dawo na ba shi labari. Ya saurara, sannan ya ce shi ma yana jin irin wannan rashin, domin abokan aiki daban ne da uban da za ka zauna da shi ku yi maganar yadda za a bi da yaro mai taurin kai, kuma maza ba su cika samun wurin da irin wannan hira ke tasowa da kanta ba. Muka yi shawara cewa a ƙarshen mako shi zai kai yaran filin, ko Allah zai sa ya haɗu da mijinta.

Mun kuma amince cewa ba za mu yi saurin barin yara su je gidansu su kaɗai ba. Ina so in fara sanin su waye ke zaune a gidan, me ake kallo idan manya ba sa kusa, kuma wa ke lura da yara idan ta fita, kamar yadda ita ma take da haƙƙin sanin haka game da gidana. Waɗannan tambayoyi ne da zan yi su a hankali idan zama ya yi zama, kuma yadda ta bi da ɗanta yau ya sa ina kyautata zaton ba za ta ɗauke su da zafi ba. Matar safe kuwa zan ci gaba da gaisawa da ita da mutunci, amma ba zan ba ta labarin 'ya'yana ba. Gobe bayan an tashi daga makaranta za mu koma filin, kuma mun yi alkawari da sabuwar maƙwabciyata cewa duk wadda ta riga shiri za ta biya wa 'yar'uwarta mu tafi tare.