Tafiya Tiga da babur ɗin ƙarƙashin ruwa

Yayana ya daɗe yana aikin nutso a Jidda, yana kankare gindin jiragen ruwa da duba farfelarsu a Bahar Maliya. Da ya zo hutu bana sai ya taho da babur ɗin ƙarƙashin ruwa. Ba shi da taya, ba shi da sirdi. Wani baƙin bututu ne mai kauri, da farfela a bayansa cikin zobe, da mariƙi mai maɓalli. Mai nutso yana ɗaura igiyarsa a ƙugu, ya danna maɓallin, babur ya ja shi cikin ruwa ba tare da ya wahalar da ƙafafunsa ba. Yaya ya ce yana so ya ga yadda zai yi a ruwanmu na gida, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa.

Mun bar Kano bayan sallar asuba mu uku, da wani abokin aikinsa da ya taho da tukwanen iskar numfashi na masu nutso daga Legas a mota. Sanyi ya fara shigowa. Muka bi titin Zariya, muka wuce Kura da gonakin Kadawa, inda ake casar shinkafa ana shirin dashen tumatir, dukkansu da ruwan madatsar Tiga da muke shirin zuwa gani ake noma su. Bayan Ciromawa muka saki babban titi muka nufi Tiga.

A hanya na lura Yaya bai yarda an sa jakar batir a but ba, a tsakanin ƙafafunsa ya ajiye ta. Na tambaye shi dalili. Ya ce batirin litiyam ne, ɗan'uwan na waya, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. But ɗin motar da ta wuni a rana yana rage masa kwana, idan kuma ya kumbura ko ya sha bugu yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Shi ya sa kamfanonin jirgin sama suke da doka a kansa: wanda bai wuce wat-awa 100 ba (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan) kana iya shiga da shi a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, abin da ya haura haka kuwa fasinja ba ya tafiya da shi. Wannan ne ya sa ya zaɓi babur mai cin ƙananan batura biyu, irin waɗanda kafintoci ke sa wa injin huda katako. Baburan da aka yi a da batirin dalma suke ɗauka, irin na mota, ga nauyi, ga iska mai kama wuta da yake fitarwa lokacin caji.

Duk wanda bai taɓa tsayawa a bakin Tiga ba zai ɗauka wani babban kududdufi ne. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon bangonta ya kai kilomita 6, ruwan kuma ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 178. Muka fara gaida masu gadin wurin muka nemi izini, suka ja mana kunne kada mu kusanci inda ruwa ke fita zuwa magudanan noman rani. Yaya ya ce ko ba su faɗa ba ba zai je ba, domin jan ruwa a irin wannan wuri ya fi ƙarfin kowane farfela. Daga nan muka zagaya zuwa wani ƙauyen masunta.

Wani dattijo muka tarar yana gyaran koma a gindin bishiya, shi ne mai faɗa a ji a bakin ruwan.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannunku da zuwa, samari. Wannan kuma bindigar mece ce?"

Yaya ya tsuguna ya yi masa bayani. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Idan ka sake shi, sama yake yi ko ƙasa?"

A kan wannan tambayar muka kai har hantsi ya dubi ludayi, kuma a wajena nan ne tafiyar ta biya kuɗin manta. Babur mai kyau, in ji Yaya, idan ka sake shi a cikin ruwa tsayawa yake inda ka bar shi, bai nutse ba, bai taso ba. A Jidda ya daidaita nasa haka, da 'yan ƙullin dalma da ake cusawa a cikinsa. Amma ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari saboda gishiri, don haka ya fi tallafe abu. Da muka sa babur ɗin a ruwa iya ƙugu, sai ya sulale a hankali ya kwanta a laka. Nauyinsa kusan kilo 10 ne, bambancin bai wuce kwatan kilo ba, amma kwatan kilon da ke jan ƙugunka ƙasa tsawon awa guda ba abin wasa ba ne, kuma idan igiya ta kwance a wuri mai zurfi ka yi asarar babur ke nan. Yaya ya fito ya goge shi tas, ya buɗe, ya cire ƙulli ɗaya, ya matsar da wani gaba don kada hancin ya riƙa ɗagawa. Kafin ya rufe ya bi robar bakin murfin da yatsa yana neman yashi ko gashi, ya shafa mata man silikon kaɗan. Ƙwayar yashi ɗaya a kan robar nan ta isa ta shigar da ruwa kan batir. Shi da abokinsa ma sai da suka rage dalmar da suke ɗaurawa a ƙugu.

Baba bai yi mamakin komai ba. Ya nuna mana gorarsa ta su, ya ce shi ma ba kowace gora yake hawa ba, sai wadda ta dace da nauyinsa da na kifin da zai zuba a ciki. Daga nan ya shiga faɗa wa Yaya abin da babu na'urar da za ta faɗa masa: inda kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye suke tsaye har yau, inda aka shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, inda tsofaffin taruna suka maƙale. Ya haɗa mu da ɗansa da kwalekwale, ya ce ya kai mu inda ƙasan yashi ne.

Ni ban iya nutso ba, ina cikin kwalekwale ina bin kumfar numfashinsu da ido. Su biyu suka shiga tare, domin mai nutso ba ya shiga shi kaɗai. Da farko a saman ruwa Yaya ya gwada, babur ya ja shi ya bar kwalekwalenmu a baya, yaran da ke bakin gaɓa suka ɗauki sowa. Da suka nutse kuwa sai na ga kumfar tana tafiya a hankali ƙwarai. Bayan sun fito ya ce a ƙasa da ƙyar yake ganin tafin hannunsa, ruwan duk laka ce. A Bahar Maliya yana hango abu daga nesa, shi ya sa gudu ke da amfani. A nan wanda ya saki wuta kututture zai ci karo da shi, ko ya faɗa cikin taru. Sau ɗaya ma zaren koma ya naɗe farfelar, sai da ya sa wuƙa.

Ya ƙara da cewa haɗarin babur ba ya wuce saurin tasowa. A zurfin mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na sama, kuma ƙa'idar da suke bi ita ce kada a taso fiye da mita 9 ko 10 a minti ɗaya. Babur da aka ɗaga hancinsa zai cilla mutum sama cikin daƙiƙu, huhu da jini su ji a jikinsu. Saboda haka da zai taso kashe shi yake yi. Cajin batir kuma kashi uku yake raba shi, kamar yadda yake raba iskar tukunya: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Ba ya yin nisan da ba zai iya dawowa da ƙafafunsa ba idan babur ya mutu.

Da muka zauna cin soyayyar karfasa, hira ta koma kan hatsarin kwalekwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 a madatsar Watari, inda aka rasa rayuka da dama, akasarinsu ɗalibai yara. Allah ya jiƙansu. Wani matashi ya ce da akwai irin wannan babur da an ceci mutane. Na so a ce haka ne, amma abin da na gani a ranar bai nuna mini haka ba. Wanda ya nutse mintuna kaɗan gare shi, babur kuwa sai an haɗa, an rufe, an ɗaura. Rigar ceto a jikin kowane fasinja da hana lodin da ya wuce kima su ne a gaba. Bayansu sai horar da 'ya'yan masunta, waɗanda sun riga sun san ruwan, da samar musu injin cika tukunya na gaskiya, domin tukunyar nutso tana ɗaukar matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200, kuma injin mai faci ba ya kaiwa nan, iskarsa ma da ƙaurin mai take fita. Babur yana da wurinsa, wajen jan mai ceto a saman ruwa ko zagaya fili mai faɗi ana neman abin da ya nutse, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Kafin mu tashi Baba ya ce akwai injin jirgin wani maƙwabcinsa da ya faɗa ruwa bara, ya san wurin sarai. Yaya ya ce sai ruwa ya ja baya laka ta kwanta, kuma za su zo da igiya da jarkoki a ɗaga shi da iska, don babur ba ya ɗaukar kaya. Suka tsayar da magana a kan bazara, idan ya samu hutu.