Jiniya uku a dare ɗaya

Ƙarfe 3 saura na dare ne yanzu, bacci ya ƙi zuwa, yaran sun ɓingire a falo da takalma a ƙafa ban ma cire musu ba, shine nace bari in rubuta tun abun yana kaina.

Tun safe na san yau akwai magana. Iskar garin nauyi gareta, ga ɗumi ga danshi, kaman Kano a ƙarshen bazara in hadari yana ta haɗuwa ya ƙi zubarwa. Kwana 3 kenan masu hasashen yanayi suna nuna taswira a talabijin, yau kuma yankinmu ya zama jawur, mataki na 4 cikin 5 na hatsarin guguwa. Abun dariyar shine ofishin da ke fitar wa Amurka gaba ɗaya wannan taswirar a nan garinmu Norman na jihar Oklahoma yake, cikin jami'a, ko minti 15 ba zan yi a mota ba na isa. Wato da wuya a sami garin da ya fi namu masanan guguwa a duniya, amma ni ina bene hawa na biyu, gidan katako, ba ramin da zan shiga.

Da muka zo Oklahoma na ɗauka kowane gida yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ashe ba haka bane, yawanci babu. Jar laka ce ƙasarsu, tana kumbura da ruwa tana tsagewa da rani, gina ɗaki a ciki tsada. Masu gidan kansu sai su haƙa wani ɗan rami a gareji su sa akwatin ƙarfe mai murfi, dubban daloli, mu 'yan haya kuma wa zai barka ka fasa masa daɓe. Mafakar jama'a ma birnin basu buɗewa, wai kar mutane su fito kan titi guguwa ta ritsa dasu a hanya, kowa ya ɓuya inda yake. Na gane hujjar fa, ban ce ƙarya bane. Amma inda nake ɗin shine matsalar ai.

Wajen azahar aka fitar da sanarwar farko, ta a zauna cikin shiri, wannan ba wai an ga komai bane, kawai dai kayan haɗin sun cika. Na je na ɗauko babban daga makaranta da wuri, iyaye da yawa ma haka, ba mai cewa komai amma kowa ya san dalili. 20 ga Mayu 2013 tonado, wato ƙatuwar guguwa mai juyawa, ta bi ta Moore, garin da ke manne damu ta arewa, mutum 24 suka rasu, 7 daga ciki yara ne a firamaren Plaza Towers. Kuma an yi gargaɗi fa, minti 16 kafin ma ta taɓa ƙasa, malamai sun yi duk abun da aka koya musu sun kwantar da yaran a baranda ta ciki, ginin ne bai iya ɗauka ba. EF5 ce, wato mataki mafi ƙarfi, irin wadda take share gida ta bar siminti kawai. Duk lokacin da na wuce ta Moore sai na kalli sababbin gidaje da ƙananan bishiyoyi in ji wani iri.

Na dawo na haɗa jaka: fasfo, takardun haihuwa, tocila, caja, ruwa, dabino, fampas. Hular kwano ta keke guda biyu na yaran na ajiye bakin ƙofa, dan yawancin raunin daga abun da iska ta wurgo ne, katako, gilashi, kwanon rufi. Na ɗora shinkafa. Umma ta kira ta WhatsApp ta ga fuskata tace ke lafiya, nace Umma guguwa ake jira, tace guguwa kuma, to ku rufe taga ku yi a'uziyya mana. Dariya ta kama ni, dan a kanta irin tamu ce mai ɗaga ƙura da leda a kasuwa ana cewa aljanu ne ke wucewa. Nace Umma wannan mota take ɗauka ta jefa kan gida. Tayi shiru sannan tace to me ya zaunar daku a wajen. Ban da amsa wlh.

Abban yara yana aiki a Oklahoma City sai 7 zai tashi. Ƙarfe 5 ya kira wai zai taho yanzu ya kwashe mu mu yi kudu mu kauce mata, nace dan Allah Abban yara ka zauna inda kake, gininku na kankare ne ya fi namu. Mun ɗan yi sa-in-sa. Na tuna masa guguwar garin El Reno, kwana 11 kacal bayan ta Moore, da mutane suka firgita kowa ya shiga mota manyan tituna suka cushe ba gaba ba baya, ga tonado mai faɗin kilomita 4 da 'yan kai, mafi faɗi da aka taɓa aunawa, tana canja hanya yanda ta ga dama, har Tim Samaras da ya shekara da shekaru yana bin guguwa dan bincike ta kashe shi da ɗansa da abokin aikinsu. In shi bai kauce ba waye kai. Kuma a daren ne wasu suka ɓuya a magudanar ruwa, harda wani iyali 'yan Guatemala, sun tsira daga iska ambaliya ta tafi dasu. Yace to shikenan, ki sauka wajen tsohuwar nan tun yanzu.

Tsohuwar da ke ƙasanmu, baturiya ce ta haura 70, tun bara tace duk ranar da jiniya ta yi in ƙwanƙwasa mata. Ban sauka ba lokacin, kunya, nace sai an busa.

6 da rabi aka busa. Wayata ta fara wannan ƙaran mai tsinka zuciya kafin ma jiniyar, sama ta yi wani kore-kore, ƙanƙara ta fara dukan motoci. Na goya ƙaramar da zani, na ja babban, jaka a kafaɗa, matattakalar kuma a waje take dole ka fito cikin ruwan. Banɗakin tsohuwar a tsakiyar gida yake ba taga, muka sa yaran cikin baho da hulunansu, muka jawo katifa, ni da ita da karenta a ƙasa, ban taɓa zaton zan zauna da kare gwiwa da gwiwa ba amma yau ko a jikina. Ina ta La'ilaha illa anta subhanaka, ita ma tana nata addu'ar. Minti 25. Ba abun da ya zo. Muka fito, ta ba yaran biskit, na hau sama na tarar shinkafa ta kama.

Na biyu wajen 9, Abban yara ya dawo lokacin, muka sake sauka duka. Wannan karon wuta ta ɗauke, ba talabijin, intanet ɗin waya yana ja da ƙyar, taswirar radar, na'urar da ke hango hadari, ta tsaya a hoton minti 10 da suka wuce, wanda a wannan harkar tsohon labari ne. Mun ji iska sosai, wani abu ya faɗi a waje, daga baya muka ga shingen katako ne. Aka ce wata ta sauka can yamma damu a gonaki.

Na ukun ne ya hana ni bacci. Ƙarfe 1 da wani abu waya ta sake ƙara, jiniyar ma da ƙyar na ji ta cikin ruwan sama, dama an ce ba dan na cikin ɗaki aka yi ta ba, dan na waje ne. Na buɗe ido, na kalli wayar, na kalli yaran da sai 11 suka yi bacci, kuma wallahi abun da ya zo raina shine ai sau biyu ba komai. Na kwanta ina lissafi, ina leƙa taga kaman zan ga wani abu a wannan duhun, alhali ta dare ba'a ganinta sai in walƙiya ta haska, wani lokacin ma ruwa ya lulluɓe ta. Ni da na san labarin garin Joplin, 2011, tonado ta kashe mutum sama da 150, da aka bi diddigi aka ga mutane da yawa basu motsa da jiniyar farko ba sai da suka nemi tabbaci, sun saba ji ba komai. Ni da na san kusan 7 cikin 10 na gargaɗin nan tonado bata sauka, kuma ba laifin masu hasashen bane, radar juyawar iska take gani can sama cikin hadari, bata iya rantsuwa zata sauko, in sun jira tabbaci kuma lokaci ya ƙure. Duk na sani. Amma sai da na ɓata minti 4 ko 5 a kan gado, cikin gargaɗin da galibi minti 10 da 'yan kai yake baka. Abban yara ne ya fizge bargon yace tashi mana, me kike jira.

Muka ƙwanƙwasa, tsohuwar ta cire abun jinta na kunne tayi bacci, bata ji mu ba bata ji wayarta ba. Muna tsaye a waje da yara biyu cikin ruwa muna dukan ƙofa, sai da ya zagaya ya buga tagar ɗakinta karen yayi haushi sannan ta buɗe. Da ta zo a wannan mintunan da a bakin ƙofa zata same mu.

Ta ce gobe zata yanka mana makulli. Na ce ma Abban yara in haya ta ƙare a Agusta ko me za'a yi hawa na ƙasa zamu koma, ko gida mai rami a gareji ko da zai ci rabin albashi, yace sai mun duba, na san me sai mun duba ɗinsa ke nufi. Wuta bata dawo ba har yanzu, naman firiza nake tunani. Caji saura 12. Kuma taswirar jibi ma na ga sun fara shafa mana ruwan ɗorawa, dan haka hulunan a bakin ƙofa zan bar su.