Kwana goma a hamadar Quartzsite cikin hunturu

A watan Janairun 2023 ni da uwargidana muka bar Phoenix muka miƙe yamma a kan babbar hanyar I-10, tafiyar kimanin kilomita 200, zuwa wani ƙaramin gari na jihar Arizona mai suna Quartzsite. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma da zarar sanyi ya sauka a arewacin Amurka da Kanada sai dubban mutane, galibinsu dattawan da suka yi ritaya, su kwararo cikinsa da motocin da ake kira RV, wato motoci masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Tamu tsohuwa ce, ta hannu muka saya, kuma wannan ne karon farko da muka kai ta inda babu famfo babu wayar lantarki. Mun bi gayyatar wata ƙungiyar masu irin motocin da ke haɗuwa a gefen titin Plomosa, arewa da garin, a makon da ake kafa katafaren tanti na baje kolin RV na kwana tara.

Filin na gwamnatin tarayya ne, hukumar filayen gwamnatin Amurka da ake kira BLM ke kula da shi, kuma ana barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14. Wanda ke son ya kwashe hunturun gaba ɗaya sai ya sayi takardar izini ta yankin La Posa a kudancin garin, wadda ke aiki daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Na zo ina tsammanin rairayi, sai na tarar da tsakuwa ce shimfiɗe mai tauri, wadda turke ba ya shiga sai da guduma, ga murtsunguwar saguaro tsaye nan da can, wasu sun ninka tsawon mutum. Na nufi gindin wasu itatuwa a bakin busasshiyar ƙorama domin samun kariya daga iska, amma wani dattijo da ya riga mu sauka ya taho ya ce in matsa zuwa tudu, saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa yana iya cika ƙoramar ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanmu ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kwari ke kawowa da damina a ƙasarmu ba ya gardama da irin wannan magana, don haka na matsa.

Da rana yanayin yana da daɗi, zafin bai cika wuce digiri 20 ba. Rana na faɗuwa kuwa sai sanyi ya sauko lokaci guda, kafin asuba ya kusa kaiwa matakin daskarewar ruwa. Na'urar ɗumama motar da gas take aiki, shi ya sa ban damu da lantarki ba, ban kuma lura cewa fankar da ke hura ɗumin daga batir take sha ba. A dare na biyu, wajen ƙarfe uku, komai ya ɗauke. Uwargida ta tashe ni ta ce, "Maigida, ko mu kunna murhun girki mu ɗan ji ɗumi?" Na ƙi, domin kunna wuta a rufaffiyar mota yana tara iskar nan mai guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci, kamar yadda garwashi ke yi a ɗakin da aka toshe. Muka haɗa barguna da rigunan sanyi muka jira gari ya waye.

Da safe dattijon nan ya hau tsani ya duba faranta biyu na sola da ke kwance a rufin motar, ya nuna mini cewa ranar Janairu a nan ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, ko da tsakar rana ba ta zuwa tsakiyar kai, saboda haka farantin da ke kwance kaɗan yake kamawa. Ya ara mini nasa na ɗauka, muka jingina shi yana fuskantar kudu, muna juya shi sau biyu ko uku a yini, muna share masa ƙura. Daga ranar muka rage ƙarfin na'urar ɗumin da dare muka dogara da bargo, batirin bai sake mutuwa ba.

Abin da ya fi koya mini lissafi shi ne ruwa. Tankinmu galan 30 yake ci, kusan lita 114, kuma a kwana huɗu muka ga ƙarshensa, domin mun riƙa buɗe famfo yadda muka saba a gida. Mu da ke alwala sau biyar a rana lissafinmu ya sha bamban da na maƙwabtanmu. Muka koma ga buta, kowa ya san iyakar abin da zai zuba, kwanuka kuma a goge su da takarda kafin a ɗauraye a ƙaramar roba. Cikon na biyu ya kai mu kwana shida. Akwai kuma tankin ƙazantar banɗaki, wanda shi ma cika yake yi, kuma haramun ne a doka a zubar da shi a ƙasa, sai an kai shi gari an biya an juye a wurin da aka tanada. Na ga mutane suna layin sa'a guda domin wannan ba tare da ƙorafi ba, kuma hakan ya sa na fahimci dalilin da filin da dubban motoci ke kwana a kansa bai zama juji ba.

Kowace yamma akan jera kujeru a kewaye wuta da icen da aka sayo daga gari. Da maƙwabtan suka ga ina shimfiɗa darduma ina fuskantar arewa maso gabas, inda alƙibla take daga nan, wata tsohuwa ta tambaye ni ko na ziyarci kabarin Hi Jolly. Hajji Ali ne sunansa, harshen sojoji ya juya shi, kuma yana cikin masu kula da raƙuman da sojojin Amurka suka shigo da su a 1856 domin gwada su a wannan hamada. Ya rasu a Quartzsite a 1902, a 1935 kuma aka gina masa ƙaramar dala ta duwatsu da siffar raƙumi a ƙololuwarta. Mun je ranar da za mu tashi, bayan mun juye tanki mun cika ruwa, muka tsaya a maƙabartar muka yi masa addu'a, sannan muka koma sansanin na mayar wa dattijon farantinsa, ya rubuta mini a takarda girman wanda ya kamata in saya kafin Janairu mai zuwa.