Hoton hanyar daji a lokacin hunturu, abin da hazon Kumasi ya koya min

Duk wanda ya koyi hoton daji a YouTube zai lura masu koyarwan kusan dukkansu a ƙasashen sanyi suke, Kanada ko Ingila ko Nowe, za ka ga 'yar siririyar hanya cikin itatuwa dusar ƙanƙara ta rufe ta fari fat. Mu nan Kumasi ina muka ga wannan? Namu sanyin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta kwaso ƙura tun daga Sahara, da yawa daga cikinta ma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, ta zo ta sauke mana gari ya yi fari, leɓe na tsagewa.

Ni asalin aikina hoton biki da suna da fasfo ne a wani shago a Aboabo, hoton daji kuwa sha'awa ce ta ranar Lahadi. Maigidana har yau dariya yake min, wai kai yaro wa zai sayi hoton itace, ni dai sai in ce Maigida a yi haƙuri a ara min kyamara. Inda na fi zuwa dajin Bobiri ne, ka hau trotro mai zuwa Konongo ka wuce Ejisu ka sauka Kubease, sai 'yar tafiya a hanyar ƙasa. Wurin ya yi suna da malam-buɗe-littafi, wajen iri 400, amma ni hanyoyin cikin dajin ne suke kai ni.

Akwai darasi ɗaya na masu dusar ƙanƙara da ya yi min aiki ɗari bisa ɗari. Kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage da kanta, shi yasa dusa ke fitowa toka-toka a hoto, kuma haka hazo yake mata. Maganin shi ne ka ƙara haske da hannunka a maɓallin nan mai alamar + da -, su suna kai wa +1 ko +2, ni a hazo da wuya in wuce +1 saboda cikin daji da duhu, in ka zarce sararin da ke leƙowa ta tsakanin ganye zai ƙone ya zama farin da babu komai a ciki. Mai waya ma zai iya, taɓa fuskar wayar ka ja alamar rana sama kaɗan.

Amma maganar lokaci kam toh a nan muka raba hanya da su. A Landan cikin Disamba ko da tsakar rana, rana wajen digiri 15 kawai take kaiwa sama da ƙasa, wato yini guda haskensu a kwance yake inuwa doguwa, mutum zai yi karin kumallo a tsanake ya fita. Mu a wannan watan tana kai wajen digiri 60, ta fito wajen ƙarfe 6 kafin ka ankara ta haye, ƙarfe 9 haske ya fara faɗowa daga sama yana yi wa hanya dabbare-dabbare, nan fari nan baƙi ƙirin, babu kyamarar da za ta iya riƙe duka biyun. Abin da ke cetonmu hazon ne wallahi. Ranar da ya yi kauri rana sai ta zama kamar fitila a bayan labule, hasken ya yi laushi, itacen da ke kusa da kai ya fito baƙi sosai, na bayansa ya ɗan dushe, na can ƙurya ya kusa ɓacewa, kuma wannan dushewar mataki-mataki ita ke sa mai kallo ya ji hanyar tana da nisa. Ga kuma manyan itatuwa irin rimi, wanda Asante ke ce wa onyina, suna zubar da ganye da rani, hanya ta cika da busasshen ganye ja-ja, sama ta ɗan buɗe.

Shi yasa nake jin haushi in na ga abokai sun je editin sun ja abin cire hazo na manhajar gyaran hoto ta Lightroom har ƙarshe, kore ya yi ta ihu, hoton ya koma na damina. To me ka je yi dajin a Janairu?

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne. Ƙarƙashin itatuwa duhu ne, ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara ƙarfin ɗaukar haske, zuwa 800 ba abin kunya bane, in kana da mai ƙafa uku kafa shi ka sa taima na sakan 2 don kar hannunka ya girgiza kyamara. Su can batir ne ke mutu musu saboda sanyi, mu ƙura ce abokiyar gaba, kar ka kuskura ka canza lens a fili ana iska, za ta shiga ta zauna kan sensa, wato abin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, duk hoton da ka ɗauka da ɗigo a wuri ɗaya. Kuma tunda lokacin kowa na shafe da man kaɗe, wanke hannu kafin ka taɓa gilashin, in ya yi ƙura hura shi da 'yar robar hura iska tukuna, goge shi da bakin riga karce shi kawai za ka yi.