Wai tausayinsa suke ji

Na daɗe ina so in rubuta wannan abin na wariyar da ake yi wa yara masu naƙasa a makaranta, amma duk sanda na fara sai raina ya ɓaci rubutun ya koma faɗa, sai in goge. Yau dai nace ko yaya ya fito haka zan barshi.

Ɗan yayata shekararsa 9 yanzu. Tun haihuwa ƙafafunsa basa ɗaukarsa, da keke yake yawo, keken guragu dai da ake cewa, ni sunan ma bana so amma shi kowa ya sani. Kansa kuwa ras, surutu kamar aku, idan ya fara yi maka tambaya sai kace masa don Allah ya barka ka sha ruwa. Yana shekara 7 muka kai shi makarantar firamare ta gwamnati, mun ma makara, don Yaya ta yi ta jan ƙafa tana tsoron abin da zai tarar.

Hedimasta ya karɓe mu hannu bibbiyu, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba mu wurin zama, aka gaisa, ya tambayi gida. Abin da na lura da shi tun a lokacin, har muka tashi bai yi wa yaron magana ba ko sau ɗaya. Ya kalli keken, ya kalli Yaya, ya sake kallon keken, sai yace "Hajiya kuyi haƙuri, wallahi tausayinsa nake ji. Yaran nan namu basa ji, ture shi zasu yi, ga azuzuwanmu duk sai an hau matakala, ga maganar banɗaki. Da kun nema masa makarantar irinsu da yafi samun kulawa."

Kun san me Yaya tayi? Godiya tayi masa. Wallahi godiya. Nima kuma ban ce komai ba, don maganar ta zo da laushi har ka rasa ta inda zaka kama ta. Sai da muka fito ina tura keken, yaron ya ɗago kai yace "Kawu, gobe zan fara ko jibi?"

Da mutumin zagin mu yayi ko ya kore mu da tsawa, da abin yazo da sauƙi, kowa zai gane an yi mana ba daidai ba. Amma ita wariyar da ake yi wa yara masu naƙasa a makaranta yawanci ba haka take zuwa ba. Cikin rigar tausayi take zuwa, da "Allah sarki", da "don amfanin kansa ne", da "ba mu da hali". Mai yinta ma bai san yana yi ba, gani yake ya kyauta. Ƙarshen maganar dai ɗaya ce, sauran yara suna aji, naka yana gida.

Daga baya da na fara karance-karance a kan abin, naci karo da tarihin wata mata 'yar Amurka, Judith Heumann, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Shan inna ce ta kama ta tana da wata 18. Tana shekara 5 mahaifiyarta ta kai ta makarantar gwamnati a birnin New York, aka ƙi ɗaukarta, dalilin da aka bayar wai idan gobara ta tashi ita da kekenta haɗari ne. Kaga ai maganar hedimastanmu ce sak, kawai an canja mata kaya. Da ta girma ta karanci koyarwa, a 1970 hukumar ilimi ta birnin ta hana ta lasisin malanta, wai ba zata iya fitar da ɗalibai ba in gobara ta tashi, gobarar nan dai. Ta kai su kotu, aka ba ta lasisin, ta shiga aji da kekenta ta koyar.

A 1973 Amurka tayi wata doka da ke da sashe na 504, wanda yace duk wata hukuma ko makaranta da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum saboda naƙasarsa. Amma doka tana takarda, ƙa'idojin aiwatar da ita aka ƙi sa musu hannu har shekara 4. A watan Afrilun 1977 masu naƙasa sama da 100, ita Heumann tana cikin jagororinsu, suka shiga wani ginin gwamnati a San Francisco suka ce ba inda zasu. Makafi, kurame, masu keke, nan suka yi ta kwana a ƙasa sama da sati uku, sai da sakataren ma'aikatar lafiya, ilimi da walwala, Joseph Califano, ya sa hannu ranar 28 ga watan. Kuma ita kanta majalisar dokokin ƙasar, lokacin da take yin dokar ilimin yara masu naƙasa ta 1975, ta rubuta cewa yara miliyan 1 ne aka bari a waje gaba ɗaya, basa cikin makarantun gwamnati. Na kawo wannan ne saboda masu cewa ai su can dama haka suka tashi suka ga abinsu a gyare. Ina! Da kokawa aka karɓa.

Yanzu maganar ta wuce ƙasa ɗaya. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanca ta ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar da kowa ke zuwa ita ya kamata ta ɗauki kowane yaro, ko yaya yake. A Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, ta fara aiki a 2008, kuma ƙasashe sama da 180 sun shiga cikinta. Sashe na 24 yace kar a cire yaro daga tsarin ilimin da kowa ke ciki saboda naƙasa. Ƙasashe da yawa kuma sun yi tasu dokar, Birtaniya a 2010, Indiya a 2016, Najeriya an sa wa tata hannu a Janairun 2019.

Amma wurin da yafi tsaya min a rai a yarjejeniyar nan sashe na 2 ne, inda aka fassara mecece wariya. Ba a tsaya kan kora ko zagi kawai ba, an ce ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da buƙatarsa, matuƙar gyaran bai fi ƙarfin wanda zai yi ba, shi ma wariya ne. Wato kenan "ba mu da hanyar da keke zai hau" ba amsa ba ce da zata rufe magana, farkon maganar ce. Sai a tambaya to me zai hana a yi hanyar? A makarantar ɗan yayata matakala 3 ce fa kacal.

Bayan sati biyu da zuwanmu na farko na koma wurin hedimasta ni kaɗai. Na gaishe shi da ladabi, nace "Ranka ya daɗe, mun ji shawararka mun gode, amma mu nan muke so ya yi karatu. In har ba zai yiwu ba, alfarma ɗaya nake nema, ka rubuta mana a takarda cewa makaranta ba zata ɗauke shi ba saboda ƙafarsa, ka sa hannu da kwanan wata." Yayi shiru yana juya biro. Can yace "Haba Malam, ai ni ban ce ba zan ɗauke shi ba." Ran Litinin yaron ya fara zuwa.

Ban ɗaga murya ba, ban kira sunan wata doka ba, ban ce zan kai ƙara ba. Takarda kawai na nema. Tun daga ranar duk iyayen da suka zo min da irin wannan kukan abin da nake faɗa musu kenan, kar ku yarda magana ta tsaya a baka. Ku rubuta buƙatarku, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi, in an ce a'a ku nemi a'ar a rubuce. Abin da mutum zai faɗa maka yana murmushi da wuya ya yarda ya sa masa hannu.

Sai dai ɗauka daban, zama daban. Watanni biyu na farko wasu manyan yara ne ke ciccibarsa shi da keken su haura da shi, wataran da wasa da dariya, wataran kuma sun shige aji sun manta shi a rana sai malama ta leƙo ta gan shi. Daga baya muka samu kafinta ya haɗa mana katako mai gangara aka ɗora kan matakalar, aikin da bai ci yini guda ba. Ranar da ya fara tura kansa ya hau ba wanda ya taɓa shi, ya dawo gida ya ba mu labarin ya fi sau biyar.

Kuma da na fara yawan shiga makarantar sai idona ya buɗe a kan yaran da tasu naƙasar ba a ganinta daga nesa, su na ga ma sun fi shan wuya. Akwai wata yarinya a ajinsu da aka yi wa tambarin taurin kai, a kira ta ba ta amsawa, a ba da aiki ta yi wani abu daban, kullum tana bencin ƙarshe kullum ana mata faɗa. Ashe kunnenta ne ba ya ji sosai. Abin da take buƙata a dawo da ita gaba, malami ya daina magana yana fuskantar allo ya ba ta baya, ya juyo ta ga bakinsa. Shikenan fa. Akwai mai farfaɗiya da idan ta tashi masa kowa sai ya watse wai kar a ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta miyau ba, ba ta taɓawa ba. Abin yi shine a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kar a cusa masa komai a baki, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Akwai zabiya da ba ya ganin allo daga nesa, akwai wanda haruffa ke rikice masa duk da in ka tambaye shi da baki zai ba ka amsa tsaf, a ce masa daƙiƙi har shi ma ya yarda. UNICEF a rahotonta na 2021 tace yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, kusan 1 cikin 10 kenan. To duk malamin da yace shi ajinsa babu ko ɗaya, bai duba ba ne.

Ban ce malamai mugaye ba ne, kar a ɗauke ni ba daidai ba. Malamar ɗan yayata mutuniyar kirki ce, ita da bakinta tace min "Malam, ni fa har na gama karatun koyarwa ba wanda ya taɓa nuna min yadda zan yi da irin wannan yaron, ga aji cike maƙil." Gaskiyarta ne. Ba zaka jibge wa mutum ɗaya yara fiye da ƙima, ba horo ba mataimaki, sannan kace ta san halin kowa ɗaya bayan ɗaya. Laifin yafi yawa a sama, wurin masu gina aji su manta da keke, masu tsara jarrabawa su manta akwai wanda rubutu ke ɗaukarsa lokaci ko wanda sai da rubutun makafi zai karanta tambaya. Shi rubutun makafin nan Louis Braille yana ɗan shekara 15 ya haɗa shi a Faransa a 1824, ɗigo 6 ne kawai ake jujjuyawa, shekara 200 kenan amma har yau ana ba makaho takardar jarrabawa irin ta kowa a ce ai an yi adalci tunda kowa iri ɗaya aka ba.

Kuma ni ban ce a rushe makarantun musamman ba. Kurman yaro da aka zaunar cikin masu ji ba mai iya maganar hannu ko ɗaya, jikinsa ne kawai a ajin, wata sa'in gara inda zai samu masu yarensa, ita kanta yarjejeniyar ta ambaci koyar da maganar hannu da rubutun makafi. Abin da na ƙi shine a mayar da "makarantar irinsu" ta zama hanyar sallamar iyaye daga ofis, ba a tambayi ina take ba, ba a tambayi ko yaron yana buƙatarta ba. Ɗan yayata me zai yi a can? Ƙafa ce ba shi da ita, darasin da ake koya wa kowa shi yake ɗauka, a lissafi ma yana cikin na gaba-gaba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan yau, satin da ya wuce ne Yaya ta kira ni tace ta lura yaron ba ya shan ruwa da safe, ko an ba shi sai ya ture kofin, in ya dawo kuma sai ya sha kamar wanda ya fito daga daji. Ta lallaɓa shi ta lallaɓa, da ƙyar ya faɗa. Ashe keken ba ya shiga ƙofar banɗakin makarantar, in zai shiga sai ya sauka ya ja jiki a ƙasan nan da kowa ya san yadda yake, ko kuma ya nemi wani yaro ya ɗauke shi, shi kuma ya girma yana jin kunya. Shekara biyu yana wannan dabarar shi kaɗai ba wanda ya sani, har ni da nake ganin na gama gyara komai da katakona.

Jiya naje da tef na auna ƙofar, na auna keken, bambancin bai wuce faɗin tafin hannuna ba. Na rubuta takardar kwafi biyu, ran Litinin da safe zan kai wa hedimasta.