Katin da Ban Rubuta Labarinsa Ba

Ranar Juma'a zan miƙa makullan ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, bayan shekara shida. Kafin nan, akwai abin da nake so wanda zai gaje ni ya sani, domin ni sai da ya ƙona ni na san shi.

Tsohuwar sabarmu Dell R710 ce ta gwanjo, katin da ke sarrafa faifanta kuwa PERC H700. Duk zamanta a kan CentOS 7, wani nau'in babbar manhajar Linux, ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba. A tsakiyar 2020 oga ya ce a koma CentOS 8. Na kwashe bayanai, na sa filashi na kunna, sai manhajar girkawa ta nuna babu faifai ko ɗaya, alhali ga su shida, fitilunsu kore shar. Da na buga lspci -nn, umarnin da ke jero na'urorin cikin kwamfuta, sai lambar katin ta fito, 1000:0079. Tana cikin jerin na'urorin da aka sanar an daina tallafa musu tun fitowar RHEL 8, tushen da aka gina CentOS 8 a kansa, a 2019. Direban katin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da shi, mai suna megaraid_sas, yana nan, lambar ce aka cire daga waɗanda yake ganewa. An rubuta ƙarara, ni ne ban karanta ba.

Na samo faifan direba na ELRepo, wata ma'ajiyar direbobi a intanet, na ɗora shi ta inst.dd, zaɓin ƙara direba lokacin girkawa, faifai suka bayyana. Daɗin da na ji a daren nan shi ya rufe mini ido. Ban haɗa sabar da ma'ajiyar ELRepo ba, ta yadda direban zai riƙa sabuntawa tare da kanel, wato zuciyar Linux, kuma ban rubuta abin da na yi a ko'ina ba. Yana kaina kawai.

A Disamba na sabunta zuwa CentOS 8.3 ranar Alhamis, ban sake kunna ta ba, na wuce gida bikin ƙanwata. Ranar Asabar aka ɗauke wuta, batiri ya ƙare kafin a tayar da janareta. Sabar ta tashi da sabon kanel, ba ta ga katin ba, ta tsaya a baƙin allon gaggawa na dracut, manhajar da ke nemo faifai lokacin tashi. Oga ya kira ni sau biyu bai same ni ba, sai ya tsaya a kan ɗan bautar ƙasar da ke taya ni, ya ce lallai ya gyara yanzu. Yaron ya zaci faifan ne suka lalace. Ya danna Ctrl+R, ya shiga saitin katin, ya sake tsara su daga farko, bayanan da ke kai suka tafi. Abin da ake buƙata bai wuce a zaɓi tsohon kanel a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunnawa, ba, danna kibiya sau ɗaya.

Kwafin bayananmu na ƙarshe ya kwana tara. Mako biyu muka yi muna shigar da rasitai da hannu.

A taron Litinin oga ya ɗora mini komai a gaban kowa. Na karɓi nawa, don nawa ne. Amma sau uku na rubuta ina neman na'urar gwaji yana cewa babu kuɗi, kuma shi ya tilasta wa yaron da bai cika wata huɗu ba taɓa abin da bai sani ba. Wannan bai ambata ba, har yau kuma yana ci mini rai.

Sauran kaɗan ne. Ka duba lambar kati kafin ka taɓa komai. Kada ka sabunta kanel ka tafi ba ka ga na'urar ta tashi da idonka ba.

A 2024 AlmaLinux, wadda ake amfani da ita a madadin CentOS, ta maido da tallafin irin waɗannan katuna a 8.10 da 9.4, a kan 8.10 sabar take yanzu. Duk da haka, takardar da na manna a murfinta tana nan: lambar katin, sunan direban, da lambar wayata. Kada ka cire ta.